Yadda Ake Renon Bugenbiliya a Birnin Kebbi da Argungu, Daga Reshe Har Ta Rufe Rumfa

Duk shekara idan damina ta sauka, masu sayar da dashen fulawa a bakin titunan Birnin Kebbi sukan yi ciniki. Duk shekara kuma, kafin wata daminar ta zagayo, yawancin abin da aka saya ya mutu, ko ya tsaya da ganye shar babu fure ko ɗaya. Mu da ke wannan sana'a mun san inda matsalar take, don kuskuren sabon shiga ba ya canzawa: ya zaɓi shukar da ba ta iya yanayinmu, ya dasa ta inda bai dace ba, ya tsinka mata saiwa wajen dashe, sannan ya yi ta ɗura mata ruwa da yuriya da sunan kulawa. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta aikin daki-daki, kowane mataki da dalilinsa.

Sai mu fara da zaɓen shukar. Yanzu mutum zai zo da hoto a waya, wata fulawa ce ta lulluɓe ƙofar gida da faffaɗan fure shunayya, ya ce, "Malam, irin wannan nake so a ƙofar gidana." Mafi yawan lokaci kilematis ce. Shuka ce mai kyau, babu musu, amma masu manyan furen da ake gani a hoto an samar da su ne don ƙasashen sanyi. Wadda ta fi shahara a cikinsu, Jackmanii, a garin Woking na Ingila George Jackman ya haɗa irinta a 1858. Tana son saiwarta ta zauna cikin ƙasa mai sanyi da laima, tana kuma son watannin sanyi na gaske da za ta huta a cikinsu. Mu kuwa a Maris da Afirilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ƙasa ta ɗauki zafin da ba a iya taka ta ba takalmi. Ƙwayar irin da ake sayowa ta intanet takan yi watanni kafin ta tsiro, idan ta tsiro ma ba lalle ta yi kama da ta hoton ba. Wanda ke zaune a Jos ko tsaunin Mambila yana iya gwadawa. A kwarin Rima asarar kuɗi ce.

Abin da zai ba ka wannan kallon, har ma fiye, shi ne bugenbiliya. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Masanin tsirrai Philibert Commerson ya tattaro ta a Rio de Janeiro ta ƙasar Birazil a 1767, a cikin tafiyar jirgin ruwan Faransa da Louis Antoine de Bougainville ya jagoranta, daga nan ta bazu ƙasashen zafi. Abin da muke gani ja ko shunayya ko fari ko ruwan goro ba shi ne ainihin furen ba, ganye ne siriri mai launi da ke kewaye da 'yan ƙananan furanni farare guda uku a tsakiya. Halinta guda ne ya kamata ka riƙe tun yanzu: rana da ƙarancin ruwa su ke sa ta fure, inuwa da yawan ruwa su ke sa ta ganye. Duk sauran bayanin da ke ƙasa daga nan ya fito.

Kayan da za ka tanada

- Dashe mai lafiya a cikin leda, ko rassan da za ka rena da kanka.
- Diga, shebur da fartanya.
- Ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki da awaki, wanda ya shekara ya yi baƙi, ba ya wari ba ya zafi.
- Yashin gulbi da ƙonannen ɓuntun shinkafa. Ɓuntu ba ya wahalar samu a ƙasar da ke da injinan casar shinkafa a kowane gari, har da manyan masana'antu irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu.
- Baƙar ledar reno mai huji a ƙasa.
- Almakashin yankan reshe ko wuƙa mai kaifi, da sabuwar reza.
- Safar hannu mai kauri da rufaffen takalmi.
- Fayif na ƙarfe ko azara, waya mai kauri, da ƙusoshin siminti.
- Tsumman atamfa da aka yayyaga tsaye, don ɗauri.
- Ragar waya ko bulo ko ƙaya, don kange awaki.
- Bokiti.

Mataki na 1: Zaɓen wuri

Nemi inda rana ke duka aƙalla awa shida a yini. Kada ka yi hukunci da ranar da ka gani a watan Yuni. Daga Oktoba zuwa Maris, wato lokacin da bugenbiliya ke shirin fure har ta yi shi, rana tana karkata kudu ne. Saboda haka bangon da ke fuskantar kudu ya fi kowanne, sai na yamma da na gabas. Bangon da ke fuskantar arewa zai zauna a inuwa a daidai watannin da ake bukatar rana. Gindin mangwaro da na dogon yaro ma ka guje su: sama inuwa, ƙasa kuma saiwoyinsu su shanye abincin.

Na biyu, ka duba ruwa. Kada ka dasa ƙarƙashin indararo, ko bakin makwarara, ko kusa da famfo da wurin alwala, ko kan sokawe. Duk wanda ke yawo a gari da ido ya taɓa ganin wannan: wadda ke gefen famfo a tsakar gida ta yi kore shar, ta yi tsawo har ta wuce rufi, ba fure, wadda kuwa ke waje jikin katanga, ƙura ta rufe ta, ba mai waiwayarta, ta yi ja wur tun daga ƙasa har sama.

Na uku, ka bar tazara tsakanin gindin da bango, kamar santimita 60 idan na bulo ne, mita guda idan na ƙasa ne. Ruwan da za ka riƙa zubawa yana jiƙa gindin katangar ƙasa, laima kuma tana kiran gara. Ka ɗaga kai ka duba wayar wuta, don nan da shekara uku rassan za su kai can. Ka kuma tuna shuka ce mai ƙaya, ba a sa ta a ƙofar ɗaki ko inda yara ke guje-guje. Idan katangar ta haɗa ka da maƙwabci, ka yi masa magana tun kafin ka haƙa, don rassan za su tsallaka, busasshen fure kuma zai zuba a tsakar gidansa.

Mataki na 2: Kafa abin hawa kafin dashe

Mun saba da duma da soso da garafuni, waɗanda ke fitar da zare su kama danga da kansu. Bugenbiliya ba ta da wannan zaren. Jingina take yi, ƙayarta ta maƙale a inda ta samu. Idan ba a ɗaure ta ba, sai ta zube ƙasa ta zama sarƙaƙiya. Kuma idan ta girma tana da nauyi sosai, zana ko kara ba za su ɗauke ta ba.

Idan bango ne, ka kafa ƙusoshin siminti ka ja waya mai kauri a kwance, layi-layi, tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakanin layi da layi, ka bar ɗan fili tsakanin wayar da bango yadda iska za ta ratsa. Idan rumfa ce, ka kafa fayif na ƙarfe da kankare, ramin kowane ginshiƙi ya kai zurfin santimita 60. Azara ma tana yi, don gara ba ta cika cin ta ba, amma gora da katakon banza damina biyu ba za su kai ba. Dalilin wannan ƙarfin shi ne iskar farkon damina. Hadarin Mayu da Yuni daga gabas yake tasowa da guguwa, yakan yaye kwanon rufi, balle rumfar da ganye ya cika ta.

A kafa wannan tun kafin shukar ta shiga ƙasa. Wanda ya bari sai ta kama sannan ya zo da diga, saiwarta zai sara.

Mataki na 3: Samun dashe

Idan saye za ka yi, ka sayi wadda ka ga launin furenta da idonka, don a ganye duk kusan ɗaya suke. Ka duba ƙasan ledar. Idan babbar saiwa ta huda ta shige ƙasa har sai an fizgo ta da ƙarfi, bar ta, an riga an ji mata rauni. Idan kuwa ka girgiza karan a hankali ka ji yana rawa a cikin ledar, reshe ne da aka cusa kwanan nan, bai yi saiwa ba. Karɓi matsakaiciya, mai tsawon santimita 40 zuwa 60, ganyenta kore babu tabo. Ƙarama mai lafiya takan wuce babba mai wahala cikin damina ɗaya.

Idan da kanka za ka rena, lokacinsa Yuni, sa'ad da iska ta yi laima. Ka samu uwar da ka yarda da furenta, ka yanko reshen da ya fara ƙwari, fatarsa ta bar kore ta koma ruwan ƙasa, kaurinsa kamar fensir. Ka yanyanka shi taƙi-taƙi, wato kimanin santimita 20, kowane yanki da ido huɗu ko biyar. Ƙasan ka yanke shi a karkace dab da ƙarƙashin ido, saman kuma a miƙe, don kada ka rikice ka dasa shi kai a ƙasa. Wanda aka juya ba ya kamawa. Ka cire ganyen duka sai biyu na sama, su ma ka rage rabinsu, saboda ta ganye ruwa ke fita alhali babu saiwar da za ta mayar. Idan kana da hodar sa saiwa da ake samu a shagunan kayan noma, ka dangwala ƙasan. Idan babu, ba dole ba ce.

Ka cika leda da yashin gulbi kashi biyu, ƙonannen ɓuntu kashi ɗaya, ba taki. Taki a wannan matakin ruɓar da reshe yake yi. Ka huda da tsinke, ka cusa rabin reshen, ka danne, ka jiƙa, ka kife masa yankakkiyar gorar ruwa ta roba, ka ajiye a inuwa mai haske inda ruwan sama ba ya dukansa kai tsaye. Ka sa da yawa, don ba duka za su kama ba. Bayan sati biyu ko uku za ka ga sabon ganye. Kada wannan ya ruɗe ka, abincin da ke cikin karan ne ya fitar da shi. Saiwa sai an yi sati shida zuwa goma. Kada ka ciro don ka duba. Jira har ka hangi fararen saiwoyi ta hujin ledar. Daga nan ka riƙa matso da ita rana kaɗan-kaɗan har sati biyu.

Akwai hanya mafi sauƙi ga wanda ke da uwa a kusa. A cikin damina ka tanƙwaro reshen ƙasa, ka ɗan kankare fatarsa a ƙarƙashin ido, ka binne wurin cikin ledar ƙasa, ka danne da dutse, kan reshen yana waje. Bayan wata biyu zuwa uku ya yi saiwa, sai ka yanke shi daga jikin uwar.

Mataki na 4: Rami da haɗin ƙasa

Haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, kimanin santimita 50 ke nan. Ƙasar sama ka tara ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A sababbin unguwanni irin su Gesse da Badariya sau da yawa za ka tarar da ɓaraguzan siminti da fasassun bulo da magina suka binne. Ka tsince su tas, don siminti yana sa ganye ya yi rawaya, shukar ta kasa cin abincin da ke cikin ƙasar.

Kafin ka mayar da komai, ka cika ramin da ruwa da yamma. Idan da safe ya tsotse, wurin ya yi. Idan ka tarar da ruwa kwance, laka ce, sai an yi dabara.

Ƙasarmu iri biyu ce. A kan tudu jigawa ce, ruwa ba ya zama, abinci ne ke ƙaranci. Nan ka haɗa ƙasar sama kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A gangaren fadama kuwa, kamar gidajen Argungu da ke kusa da Matan Fada, ko na Birnin Kebbi da ke wajen Dukku, laka ce mai riƙe ruwa, kuma a Agusta da Satumba ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa. Ƙasar da shinkafa ke so ita ce ke kashe bugenbiliya. 'Yan kwanaki cikin ruwa sun isa saiwarta ta ruɓe. A irin wannan wuri ka haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi biyu, taki kashi ɗaya, ƙonannen ɓuntu kashi ɗaya, sannan ka tayar da tudu mai tsawon santimita 30 zuwa 40 ka kewaye shi da bulo, ka dasa a samansa. Inda ambaliya ta saba shiga, kamar wuraren da ruwan 2020 ya mamaye, gara a sa ta cikin rabin duro a ɗora bisa bulo.

Ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ba ya shiga ramin nan. Yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

Mataki na 5: Dasawa

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan ruwa ya zauna. Daminarmu gajera ce, wata huɗu ne, ruwan da ke sauka a shekara bai wuce kimanin milimita 800 ba, rabonsa mafi tsoka kuma a Agusta. Shukar da ta shiga ƙasa da wuri za ta samu wata uku tana kafa saiwa kafin iska ta bushe. Wanda ya rena reshe a Yuni sai ya dasa a farkon Satumba ya ci gaba da ban-ruwa, ko ya bar ta a leda har wata damina. Dashe a Maris ko Afirilu kuwa, ko da ruwa a wadace, wahala ce.

A wajen dashen ne aka fi kashe ta. Saiwar bugenbiliya siririya ce mai saurin tsinkewa, kuma ba ta riƙe ƙasa da kyau. Kada ka kama kara ka ja. Ka shayar da ledar tun jiya don ƙasar ta haɗe. Da yamma, ka kwantar da ita bakin rami, ka yanke gindin ledar da reza, ka tallabe da tafin hannu ka sauke ta cikin ramin, sannan ka tsaga ledar ta gefe daga ƙasa zuwa sama ka zare ta a hankali. Dunƙulen ƙasar ya zauna yadda yake, kada ya fashe. Saman dunƙulen ya yi daidai da saman ƙasa; idan ka binne wuyanta zai ruɓe. Ka ɗan karkata ta wajen abin hawa, ka cika gefe, ka danna da hannu ba da ƙafa ba, ka zuba bokiti guda a hankali. Ka kafa sanda daga gindin zuwa wayar farko ka ɗaura ta. Idan bangon yamma ne, ka jingina mata zana ta yi mata inuwar la'asar na kwana goma.

Mataki na 6: Awaki da gara

Kafin ka wanke hannu ka kange ta. Ƙayar ƙaramar shuka ba ta yi ƙwarin da zai hana akuya ba, kuma a rani duk koren da ta gani nata ne. Ragar waya mai tsawon mita ɗaya da rabi, ko bulo da aka jera da ramuka, su zauna har kan shukar ya wuce inda akuya ke kaiwa idan ta miƙe kan ƙafafun baya.

Gara kuwa busasshen abu ke kiranta. Shimfiɗa ɓuntu ko busasshen ganye a kewayen gindi yana da amfani, yana rage zafin ƙasa da ƙafewar ruwa, amma ka bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da karan. Duk sati ka duba gindin da sandar. Idan ka ga hanyar ƙasa ta hau jiki, ka kankare ta, ka barbaɗa dakakken 'ya'yan dogon yaro a kewaye ka jiƙa.

Mataki na 7: Ban-ruwa

Sati biyu na farko, duk ranar da ba a yi ruwan sama ba ka ba ta rabin bokiti. Sauran damina ka bar wa sama aikin, sai in an yi fashin sati guda. A raninta na farko bokiti guda sau biyu a sati ya isa, a Afirilu da Mayu ka ƙara zuwa sau uku. Daga shekara ta biyu, ruwa mai yawa sau ɗaya a sati ko kwana goma. Yayyafin kullum yana tara saiwa a sama, inda zafi zai dafa ta. Ruwa mai yawa jefi-jefi yana sa ta nutsa ƙasa.

Kafin ka zuba, ka cusa yatsa. Idan ka ji laima, ka koma da bokitinka. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, don saiwarta ta ruɓe, sai mai ita ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara mata, ya ƙarasa ta. Ka bambanta: mai ƙishi tana farfaɗowa cikin 'yan awoyi bayan an ba ta ruwa, mai ruɓewa ganyenta rawaya yake yi ya zube, ƙasar kuma jiƙe take.

Ga dabarar fure ga wadda ta shekara biyu. Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba, ka janye hannu. Ka bar ta har sai ka ga kan rassa ya ɗan sunkuya tun da safe, sannan ka ba ta ruwa sosai, ka sake janyewa. Ka maimaita haka sati huɗu zuwa shida. Wannan ƙishin, tare da gajartar yini, shi ke sa ta daina ganye ta koma fure. Da zarar launi ya fara fita a bakin rassa, ka koma ban-ruwan sati-sati, don idan ƙishin ya zarce furen zai kakkaɓe. Ba a yi wa ƙaramar shuka wannan.

Ka riƙa shayarwa da safe ko da yamma. Ruwan baƙin tanki da rana tsaka yana da zafin da zai cutar da saiwa. Ruwan alwala da na ɗauraya ba laifi, amma ruwan wanki mai omo da bilic yana tara gishiri a ƙasa.

Mataki na 8: Ɗauri da horo

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi su zama ƙashin bayan shukar, ka baza su hagu da dama a kan waya, sauran na gindi ka cire. Ka fi kwantar da su a kan ka miƙar da su sama. Reshen da ya miƙe tsaye a ƙarshensa kawai yake fure, ƙasa ya zama sanda. Wanda aka kwantar kuwa kowane ido a jikinsa yana fitar da ƙaramin reshe, kuma a kan waɗannan sababbin rassa fure ke fita. Idan rumfa ce, ka raka reshe biyu su hau ginshiƙi, sai sun kai sama ka tsinke kansu su yi rassa.

Da tsumma ake ɗauri, a sassauce yadda yatsa zai shiga. Waya ko igiyar leda tana nutsewa cikin fata idan reshen ya yi kauri, ta shaƙe shi. Duk farkon damina ka bi ɗaurin ka sabunta.

Mataki na 9: Taki

A ƙasar manoman shinkafa kusan kowane gida akwai ragowar yuriya, kuma ita aka fi ɗebowa. Yuriya ganye take sawa, abin da shinkafa ke so ke nan, ba abin da kake nema ba. Idan za ka sa takin zamani, kamfa ce, wato NPK 15-15-15: cikin kwalin ashana guda ga ƙaramar shuka, tafi guda ga babba, sau ɗaya a Yuli, sau ɗaya a Satumba. Ka zagaya da ita nesa da kara da taƙi guda ko biyu, kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka rufe, ka shayar. Wadda aka dasa bana sai ta yi sati shida kafin ta ga takin zamani. A farkon kowace damina ka baza kwano biyu na ruɓaɓɓen taki a sama. Tokar murhu tafi guda a Oktoba tana taimakon fure, amma idan ta yi yawa za ka ga sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Idan haka ta faru ka daina toka, ka ƙara ruɓaɓɓen taki.

Mataki na 10: Aski

Babban aski sau ɗaya ne a shekara, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, bayan fure ya ƙare, ruwa na shirin sauka. Ka fara da matattun rassa da masu gogar juna, sannan ƙananan rassan da suka yi fure ka rage su zuwa ido biyu ko uku. Dogayen rassa masu kauri da manyan ƙaya da ke harbawa sama a damina, ka kwantar da wanda kake bukata, sauran ka yanke daga tushe. A Satumba ka tsinke kan rassa kaɗan don su yi 'ya'ya. Daga Oktoba ka ajiye almakashi, don duk abin da ka yanke furen bana ne. A Afirilu ma kada ka tsiraita ta, rana tana ƙona fatar reshen da ya saba da inuwa.

Ka sa safar hannu da rufaffen takalmi, ka kiyaye idonka idan kana aiki a ƙarƙashi. Ruwan jikinta yana sa wasu ƙaiƙayi. Kafin ka sa hannu cikin duhuwa ka bubbuga da sanda, don maciji da kunama da rina suna son irin wurin. Rassan da ka yanke, in ban da waɗanda za ka rena, ka kwashe su nan take ka ƙona. Busasshiyar ƙayarta tana huda silifa. Wanda ta soka har wurin ya kumbura ya je asibiti, kada ya tsaya sakiya a gida.

Mataki na 11: Ƙwari

Ba ta cika ciwo ba. A damina tsutsa takan ci gefen ganye da dare, da safe ka tsince ta. Darɓa tana taruwa a sabon toho ta nannaɗe shi, akwai kuma wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke liƙewa a gaɓa. Inda ka ga tururuwa na hawa da sauka, ka duba, suna nan. Ka daka 'ya'yan dogon yaro rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulun salo, ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, ka maimaita bayan sati. Maganin feshin gona ba na tsakar gida ba ne, inda yara da kaji suke. Kuma kada ka yi amfani da famfon feshin da aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki, ragowarsa kaɗan ta isa ta murɗe ganyen duka. A hunturu idan ƙura ta yi yawa, ka watsa wa ganyen ruwa da sassafe sau ɗaya a sati biyu.

Ga mai gidan haya da mai son ƙamshi

Bugenbiliya tana yin kyau a tukunya, matsin saiwa ma ƙara mata fure yake yi. Rabin duro ko babbar tukunyar ƙasa, a huda gindi sosai, a ɗora bisa bulo don kada saiwa ta shige ƙasa. Baƙar roba tana ɗaukar zafi, a shafa mata farin fenti. Ta tukunya tana shan ruwa fiye da ta ƙasa, a bazara kusan kullum.

Abu guda da ba ta da shi shi ne ƙamshi. Mai son ƙamshi, kuma yana da ruwa, ya nemi Combretum indicum, 'yar uwar geza ce daga Asiya, furenta yana buɗewa fari, ya koma ruwan hoda, ya ƙare ja, yana ƙamshi da dare. Ita ce ta dace da gefen famfon da muka hana bugenbiliya.

Aikin shekara a taƙaice

- Mayu zuwa Yuni: babban aski, gyaran ɗauri, takin gargajiya, yankan rassan reno.
- Yuli: dashe, kamfa ta farko.
- Agusta: buɗe hanyar ruwa, kwantar da sababbin rassa.
- Satumba: kamfa ta biyu, tsinke kan rassa.
- Oktoba zuwa Nuwamba: janye ruwa.
- Disamba zuwa Maris: fure, ban-ruwan sati-sati.
- Afirilu: ƙarin ruwa, shimfiɗar ɓuntu, babu aski babu taki.

Kada ka sa ran rumfa a shekarar farko, aikin a ƙarƙashin ƙasa yake, ko ta yi fure kaɗan ne. A shekara ta biyu take kafa manyan rassa, nan ne ɗauri da horo suka fi muhimmanci. Daga ta uku za ta rufe wurin da ka tanadar mata, kuma daga nan hidimarta ta ragu zuwa aski sau ɗaya da 'yan bokitai a wata. Rassan da ka yanke a askin wannan shekarar sun yi ƙwarin da za a rena, sai ka tanadi leda da yashi tun kafin ka ɗauki almakashi.